Wata da Watanni Ina Zagin Wanda Ba Shi Ya Riƙe Mana Haƙƙi Ba

Ranar sadakar uku mutanen kamfanin da Abban yara yake wa aiki suka zo gaisuwa. Su huɗu, da buhun shinkafa da katan biyu na lemo da ambulan. Ni ina ɗaka ban gan su ba. Ƙanin mijina, wanda yara ke kira Baffa, shi ya karɓe su a rumfa, bayan sun tafi ya leƙo ya ce min shugaban sashen ma'aikata ya ja shi gefe ya ce akwai kuɗin fansho, akwai kuma inshorar rai da kamfani ya yi wa kowane ma'aikaci, in an natsa a kawo takardu. Na ce to. Wadda aka binne wa miji shekaranjiya ina ruwanta da inshora.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kula da sito a wata masana'anta a Bompai. Cikin watan Janairu, da asuba, ana tsananin hunturu, ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Likita ya ce jini ne ya hau ya buge shi. Ya bar ni da yara huɗu, maza biyu mata biyu, da mahaifiyarsa Hajiya da ke zaune a sashen gaba.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, duk zirga-zirgar ta koma kan Baffa. Shago gare shi a Kantin Kwari, sai ya bar yaro a ciki ya hau babur. Takardar asibiti mai bayyana sanadin mutuwa, sai takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sai hotuna, sai katin ɗan ƙasa na wannan da na wancan. Mu da muke kai mamacinmu makwanci kafin azahar ba mu saba da riƙe takarda ba, kuma na gode Allah da a asibiti ya cika, don na ga wahalar da wata maƙwabciyata ta sha da nata ya rasu a gida. Abin da ya fi cin lokaci ita ce takardar babbar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, wadda kowa a can yake ce wa leta kawai. Aka sa sunana da na Baffa tunda yara ƙanana ne, aka nemi mutum biyu su tsaya mana, aka biya abin da za a biya, aka jira. Da ita kamfanin fansho ya saki abin da ke asusun marigayi, ba tare da wata gardama ba.

Inshora kuwa shiru. Duk zuwan da Baffa zai yi masana'anta, amsa ɗaya ce: mun tura, su muke jira. Wata na uku ya dawo fuska a haɗe, ya tsaya daga bakin labule ya ce, "Matar Yaya, wai inshora ta ƙi. Wai Yaya yana da hawan jini bai faɗa musu ba."

Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Mutumin da ƙwayar maganinsa take cikin aljihun rigar aiki, wanda asibitin kamfanin ne ma yake auna shi duk wata, shi za a ce ya ɓoye ciwo? Tun daga nan na ɗora wa kamfanin inshorar nan karan tsana. In na ga tallarsu a allon titi daga baya, sai na kau da kai. Na kai ƙararsu wurin Allah a sujada ban san sau nawa ba.

Hajiya ita ko a jikinta. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, ku bar musu. Kuɗin rai? Wa ya ce ana sayar da rai? Allah ne ya tsare marayun nan daga cin haram." Ban iya musu da ita. Na aika Baffa wurin limamin unguwa, ya dawo da cewa malamai sun saɓa a kan inshora, da yawa sun hana wadda mutum yake zuwa ya saya da kansa, shi ya sa aka fito da takaful, wato inshorar Musulunci, amma wannan ba marigayi ne ya ƙulla ta ba, doka ce ta ɗora wa mai kamfani, don haka a ganinsa tana cikin haƙƙin aiki. Hajiya ta ce ta ji, amma ba ta sake ba.

Da na fita takaba na koma makarantar firamaren da nake koyarwa, ranar Alhamis ta farko na tashi da wuri na hau a-daidaita-sahu zuwa ofishin kamfanin inshorar. Sanyin na'ura, kujeru masu laushi, yarinya a bayan tebur ta duba kwamfuta ta ce min cikin ladabi ba za su iya tattauna fayil ɗin da ni ba, domin ba ni ce abokiyar hulɗarsu ba. Kamfanin mijina ne ya sayi inshorar, ta hannun dillali, don haka can zan koma. Na koma Bompai, suka ce inshora. Na samo ofishin dillalin, ya ce masana'anta. Haka suka yi ta gara ni kamar ƙwallo wata biyu cur.

Wata malama abokiyar aikina ce ta ce in nemi lauya. Na fara da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda take tun 1976. Sun saurare ni da kyau, amma suka bayyana min cewa a dokarsu ta 2011 waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba su ne suke da haƙƙin taimakon kyauta, kuma nawa albashin ya ɗan haura. Jami'in ya ce in gwada ƙungiyar mata lauyoyi, FIDA. Ta wurinsu aka haɗa ni da wata barista mai zaman kanta da ta saba da shari'un ma'aikata.

Ofishinta ɗaki biyu ne a saman bene, fanka tana ƙara, fayil har ƙasa. Na zauna na kwashe labari tun daga bakin rijiya har zuwa yarinyar mai kwamfuta, ina yi ina share hawaye. Ta bari na gama tsaf, sannan ta miƙo hannu.

"Malama, ba ni takardar."

"Wace takarda, Barista?"

"Wadda suka rubuta cewa sun ƙi biya."

Na ce babu. Ta ce wa ya ce hawan jini ne dalili? Na ce mutumin sashen ma'aikata ne ya faɗa wa Baffa. Ta ce a baka? Na ce a baka. Ta ajiye biro ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To har yanzu ba wanda ya ƙi biyanki. Labari kawai kika ji."

Sannan ta jawo wani littafi da ya sha hannu, Dokar Inshora ta 2003, wadda ita ke aiki a lokacin kafin a maye ta da sabuwa a 2025. Ta nuna min sashe na 70: in an shigar da buƙatar biya a rubuce kuma kamfanin inshora bai yarda da nauyin ba, dole ya ba da dalilinsa a rubuce cikin kwana 90. Ta ƙara da cewa maganar hawan jinin nan ba ta zauna mata ba. A irin wannan inshorar ta taron ma'aikata galibi ba a bin ƙananan ma'aikata ɗaya-ɗaya ana tambayar lafiyarsu, jerin sunaye da albashi kawai kamfani yake turawa, kuma sashe na 54 ya ce abin da ba a tambaya a fom ba, ba a ɗauke shi abu mai muhimmanci ba. Ta tambaye ni ko ya taɓa cike wani fom na lafiya. Na ce ban sani ba, amma duk takardar da ta taɓa shiga hannunsa tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ta ce in kawo akwatin gaba ɗaya.

Mun yi maganar kuɗi a ranar, kuma ita ta fara. Ta ce ba za ta karɓi kuɗin aikinta yanzu ba, sai dai wani kaso cikin abin da aka samo, amma kuɗin shigar da ƙara da na aika wasiƙu ni zan riƙa biya. Ta rubuta, na karanta, na sa hannu, Baffa ya sa, ta ba mu kwafi. Na ji nauyin kason, ba zan ɓoye ba. Amma kaso daga wani abu ya fi duka daga babu.

Akwatin nan ban buɗe shi ba tun rasuwar. Da na ɗaga murfin, ƙamshin turarensa ya bugo ni, sai da na zauna. Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma biyu, da takardun albashi na wata-wata ya ɗaure su da roba shekara-shekara, ya rubuta shekarar a jikin kwali da jan biro. Da yana raye har tsiya nake masa, in ce sito ya biyo shi gida. Fom ɗin lafiya babu. Akwai dai kwafin wata takarda da ya rubuta sunana a matsayin wadda za a bai wa haƙƙinsa in ta Allah ta kasance.

Barista ta rubuta wa kamfanin inshorar wasiƙa shafi ɗaya. Lambar inshora, sunan marigayi, ranar rasuwa, sashe na 70, da neman matsayinsu a rubuce. A ƙasa ta nuna an aika kwafi ga NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, mai sashen karɓar koke a Abuja. Ta ce yaron ofishinta ba zai baro wurin ba sai an buga hatimin karɓa a kan kwafinmu, da kwanan wata da sa hannu. Wannan hatimin ta ce shi ne rabin aikin lauya.

Amsa ta zo cikin mako uku. Ta kira ni na zo bayan an tashi daga makaranta, da alli a hannuna. Ta shimfiɗa takarda biyu a tebur gefe da gefe, ta sa yatsa a kan kowace. Ɗaya takardar shaidar mutuwa. Ɗaya wasiƙar inshora. A cikin wasiƙar ba inda aka ambaci hawan jini, ko sau ɗaya. Abin da suka rubuta shi ne: inshorar masana'antar ta shekarar da ta gabata ta ƙare ranar ƙarshe ta Disamba, kuɗin sabuntawa bai shigo ba sai cikin Fabrairu, marigayi kuma ya rasu a tsakani. Sun kuma ce tun watan Maris suka sanar da masana'anta haka a rubuce, ga kwafin wasiƙar sun haɗo.

Tun Maris. Ni kuwa muna Agusta.

Na ce, "Barista, ai sun karɓi kuɗin daga baya, sai su biya." Ta girgiza kai. Sashe na 50, in ji ta, a fili yake: sai an biya kuɗin inshora tukuna kariya take farawa. Ƙofa ɗaya ta rage. Dokar ta ce kuɗin da dillali ya karɓa tamkar kamfanin inshora ne ya karɓa, don haka in masana'anta ta bai wa dillali kuɗin kafin rasuwar, shi ya yi jinkirin miƙawa, to inshora ba ta da mafita. Ta rubuta wa dillalin. Shi da yake neman wanke kansa, kwana huɗu ya aiko da rasit da kwafin wasiƙun tuni biyu da ya aika wa masana'antar tun Nuwamba. Rasit ɗin ma na Fabrairu ne.

Na zauna jikina ya mutu. A zatona magana ta ƙare, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sai ga ta tana jawo wani littafin, Dokar Gyaran Fansho ta 2014. Sashe na 4, ƙaramin sashe na 5: wajibi ne mai kamfani ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. Ƙaramin sashe na 6, ta karanta min da Turanci ta fassara da Hausa a hankali: in mai kamfani ya gaza ko ya ƙi ko ya yi sakacin biyan kuɗin inshorar a kan lokaci, to shi zai biya haƙƙin duk ma'aikacin da ya rasu a wannan tsakanin. Dokar ta hau kan kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama, masana'antar kuwa mutanenta sun fi ɗari.

A a-daidaita-sahu ina komawa gida na tuna sujadun da na yi. Na yi istigfari. Ban ce kamfanin inshorar waliyyai ba ne, da sun ga dama da sun faɗa min gaskiya ranar da na zauna a kujerarsu mai laushi. Amma masu buhun shinkafa da lemo, su suka san komai tun Maris, suka ƙirƙiro hawan jini suka jingina wa mamaci laifi don sun san ba zai tashi ya musa ba. Wannan ɓangaren har yau bai wuce min a maƙogwaro ba.

Wasiƙar neman biya ta tafi masana'anta da wa'adin kwana goma sha huɗu. Kafin wa'adin ya cika suka kira Baffa, ba Barista ba, suka ce mu zo a yi maganar gida. Na sanar da ita, ta ce mu je mu ji, amma ko takardar gaisuwa aka miƙo kada mu sa hannu. Manaja ya karɓe mu da shayi. Ya yabi marigayi, ya ce amintacce ne, ko allura ba ta taɓa ɓata a sito ba. Ya yi kukan tsadar dizal da canjin dala. Sannan ya turo cak da wata takarda, ya ce taimako ne daga kamfani saboda marayu, "Malama, a bar lauyoyi, su ci suke yi da rigimar mutane." Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da Barista ta lissafa ba. Amma a lokacin kuɗin makarantar babban yarona ya zo, rufin ɗaki yana yoyo, wallahi hannuna ya motsa. Baffa ne ya ɗauki takardar, ya ɗauke ta hoto da waya, ya mayar, ya ce, "Ranka ya daɗe, za mu yi shawara." A cikinta akwai layin da ke cewa mun karɓi wannan a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ba mu da sauran wata buƙata. Da na sa hannu, shi ke nan an sha mu.

Daga nan abin ya zama na haƙuri. Barista ta kai koke PenCom, hukumar fansho, tunda ita ke da alhakin tabbatar da kamfanoni suna bin wannan sashen. Ta kuma shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa reshen Kano, da sunana da na Baffa a matsayin masu kula da dukiyar marigayi, inda letar nan ta sake amfani. Sau biyu na je kotu, duka biyun ban buɗe baki ba, an ɗage. Bayan zama na biyu lauyan masana'anta ya nemi sulhu.

A teburin sulhu ba su ƙara musun bashin ba, sai suka koma kan lissafi. Suka ce ninki ukun a kan albashin tushe ne kawai, kuma suka kawo adadin da yake karɓa kafin ƙarin girmansa na ƙarshe. Barista ta buɗe jaka ta fito da ɗaurin nan mai roba da jan biro, ta zare takardar albashin Disamba, ta ajiye: ga tushe, ga kuɗin gida, ga na sufuri, ga hatimin kamfani. Lauyansu ya duba ya duba, ya raɗa wa akantan kamfanin magana, suka nemi a ba su minti goma. Na kalli rubutun Abban yara a jikin kwalin, na sunkuyar da kai don kada su ga idona.

Sun yarda da cikakken adadin, amma a biya kashi uku cikin wata shida. Mu kuma muka bar maganar kuɗin jinkiri da Barista ta saka a ƙarar, wanda ni dama ban so shi ba don ya yi min kama da ruwa. Ta dage sai an kai yarjejeniyar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu, domin in sun saɓa ba sai an sake sabuwar shari'a ba. Kashi na biyu ya yi jinkirin mako uku, wasiƙa ɗaya ta fito da shi. Daga rasuwa zuwa kashi na ƙarshe, wata ashirin da biyu.

Saura rabo. Sunana ne a takardar da ya cike, kuma Barista ta ce da inshora ce ta biya, a doka hannuna kuɗin zai shigo. Amma ni ban ga yadda zan kwana da haƙƙin marayu da na tsohuwa a asusuna ba. Bayan an cire kason Barista da bashin da marigayi ya bari, muka kai sauran kotun shari'ar Musulunci aka raba: ni tumuni, Hajiya sudusi, ragowar na yara, namiji rabon mata biyu. Baffa, da ya ƙarar da tayar babur biyu a hanyar Bompai, ba shi da ko sisi tunda akwai 'ya'ya maza. Na ware wani abu daga nawa na sa a ambulan na ba babban yarona ya kai masa shago. Da yamma yaron ya dawo da ambulan ɗin yadda yake, da yadin makaranta na ƙannensa a leda.

Hajiya kuwa, da na kai mata nata, ta ja hannu ta ɓoye cikin mayafi ta ce ita fa ta faɗa tun farko ba ta cin kuɗin rai. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ba inshora ce ta biya ba. Ko kwabonsu babu a ciki. Masu gidansa ne suka biya daga aljihunsu." Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce a kira mata Baffa ya maimaita a gabanta. Ya maimaita. Ta ce to a cire na yankan rago a yi wa ɗanta sadaka ranar Juma'a, sauran a gyara rufin ɗakin yara kafin damina.